Sinadarai masu cutarwa a cikin kayan wasan roba na tarawa

Kayan wasan roba na tarawa su ne ƙananan mutum-mutumi, 'yan tsana, motoci, dabbobi da tubalan haɗawa waɗanda ake saya domin a jera su, a adana, a yi musayarsu ko a sake sayarwa idan darajarsu ta tashi. Yawancinsu da roba iri uku ake yin su: PVC, wadda ake iya tausasawa, da ABS mai tauri, da kuma resin da ake zubawa cikin zubi ya daskare. Ita gundarin robar ba kasafai take shiga jikin mutum ba. Inda haɗarin yake shi ne abubuwan da ake gauraya mata don ta yi laushi, ta yi launi, ta jure zafi ko ta ƙi kama wuta, domin da yawa daga cikinsu ba su manne da robar ba, sannu a hankali suke fita. Kayan tarawa sun sha bamban da sauran kayan wasa ta fuska biyu: ana riƙe su shekaru da dama har su zarce dokokin zamanin da aka ƙera su, sannan da yawansu doka ba ta ɗauke su a matsayin kayan yara ba.

Tarihi

Robar farko da aka yi 'yan tsana da ita da yawa ita ce seluloid, tun daga ƙarshen ƙarni na 19. Haɗin kafur ne da audugar da aka sarrafa da sinadarin nitrik, kuma babban aibinta shi ne saurin kama wuta. Zuwa wajajen shekarun 1950 an kusa daina amfani da ita a kayan wasa, PVC ta maye gurbinta. Kamfanin Mattel ya fito da 'yar tsanar Barbie a 1959, Lego ya koma amfani da ABS a tubalansa a 1963, a Japan kuma aka fara yayin dodannin roba mai laushi da ake kira sofubi a tsakiyar shekarun 1960. Daga 1978 ƙananan mutum-mutumin jaruman finafinai suka cika kasuwannin Amurka da Turai. Kayan wancan zamani su ne a yau suka fi tsada a wurin masu tarawa, su ne kuma aka ƙera a lokacin da kusan babu wata ƙa'ida kan abin da za a zuba cikin roba.

Ma'aikatan masana'anta ne suka fara ɗanɗana illar. A 1974 aka gano wani nau'in sankarar hanta da ba a cika gani ba a jikin ma'aikatan wata masana'antar PVC da ke Louisville a jihar Kentucky, aka kuma danganta shi da iskar binil kolorayid, wadda daga ita ake haɗa robar. Bayan haka aka rage ragowar wannan iska a cikin kayan da aka gama ƙerawa ƙwarai da gaske, hankali ya koma kan sinadaran da ake ƙarawa. A 1978 Amurka ta hana fentin da dalmarsa ta wuce kashi 600 cikin miliyan a jikin kayan wasa. Wannan doka fenti kaɗai ta shafa, dalmar da ke cikin naman robar ta tsira daga gare ta har tsawon shekaru talatin.

Shekarar 2007 ce ta sauya al'amura. A watan Agusta na shekarar Mattel ya janye kayan wasan Fisher-Price kusan miliyan ɗaya daga kasuwar Amurka saboda fenti mai dalma, wasu janyewar suka biyo baya, daga bisani kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 2.3 a 2009. A shekarar ta 2007 kuma aka janye wasu duwatsun ado na roba masu suna Aqua Dots, sama da miliyan huɗu, bayan yaran da suka haɗiye su sun suma, domin an shafa wa duwatsun wani sinadari da jiki ke juyawa zuwa maganin sa maye. Majalisar dokokin Amurka ta zartar da sabuwar dokar kare lafiyar masu sayen kaya a 2008.

Masu tausasa roba

PVC tsantsa tauri gare ta, ita ake bututun ruwa da ita. Kafin ta zama kan 'yar tsana mai lotsawa sai an zuba mata wani ruwa mai maiƙo, kuma shekaru da dama dangin fitalet ne aka fi amfani da su: DEHP, DBP, BBP, DINP da makamantansu. Ba ɗan kaɗan ake zubawa ba. Gwajin da ƙungiyar Greenpeace ta yi a 1997 kan kayan wasa daga ƙasashe daban-daban ya nuna fitalet kan kai kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na nauyin abin wasan. Tunda ruwan yana zaune ne kawai a tsakanin ƙwayoyin robar, zafi da tsufa da tauna duk suna fitar da shi.

Masu tara tsofaffin 'yan tsana sun san alamar. Ƙafafu ko fuska su yi danƙo, ƙura ta riƙa maƙalewa, a wanke su koma kamar da bayan 'yan watanni. Wannan danƙon shi ne ruwan tausasawar da ya tsattsafo. Yvonne Shashoua, mai binciken adana kayan tarihi a Gidan Tarihi na Ƙasar Denmark, ta yi nazarin wannan lalacewa a jikin tsofaffin 'yan tsanar PVC wajajen shekarar 2000, ta nuna cewa sanyi da rufaffen wuri suna rage saurinta. Idan ruwan ya ƙare robar takan ƙanƙance, ta yi tauri, ta tsage.

Gwaji a kan ɓeraye ya tabbatar cewa DEHP, DBP da BBP suna rage sinadarin namiji a jikin ɗan tayi, abin da ke haifar da nakasar al'aura da raunin maniyyi. A 2005 Shanna Swan da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya sami alaƙa tsakanin yawan fitalet a fitsarin masu juna biyu da wasu sauye-sauye a jikin jariransu maza. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya DEHP cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo sankara. Jiki yana fitar da fitalet ta fitsari cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka abin da ake dubawa shi ne shigarsa kullum ba tare da yankewa ba.

Tarayyar Turai ta yi haramcin wucin gadi a 1999 kan fitalet shida a kayan da yara 'yan ƙasa da shekara uku ke sawa a baki, ta mayar da shi na dindindin a 2005 da iyakar kashi 0.1 cikin ɗari. An ƙara DIBP cikin jerin a 2018. Amurka ta bi sahu a 2008, kuma tun 2018 fitalet takwas ne ke ƙarƙashin wannan iyaka a kayan yara a can. Manyan kamfanoni sun koma ga madadi irin su DINCH, DOTP da ATBC, waɗanda gwaji ya nuna sun fi sauƙin illa, ko da yake binciken da aka yi a kansu bai kai na tsofaffin yawa ba.

Dalma da kadmiyam

Ta hanya biyu dalma ke shiga kayan wasa: a matsayin launi, musamman rawaya da ruwan lemo, da kuma a matsayin abin da ke hana PVC ƙonewa yayin narkarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. A jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta da natsuwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Yaro ya fi babba tsotse dalmar da ya haɗiye nesa ba kusa ba. A yau iyakar Amurka ita ce kashi 90 cikin miliyan a fenti tun 2009, da kashi 100 cikin miliyan a naman abin wasan tun 2011.

Kadmiyam shi ya ba tsofaffin robobi ja da rawayar nan mai haske da ba ta koɗewa. Yana taruwa a ƙoda, yakan shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita, yana raunana ƙashi, kuma yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. A 2018 Andrew Turner na Jami'ar Plymouth a Ingila ya gwada tsofaffin kayan wasan roba kusan 200 da aka samo daga gidaje, makarantun renon yara da shagunan gwanjo. Ya sami dalma, kadmiyam, antimoni, bariyam, kuromiyam da sauransu a da yawa daga cikinsu, musamman masu launin ja, rawaya da baƙi. Da ya jiƙa wasu a ruwan da ya yi kama da na cikin ɗan Adam, abin da suka saki ya zarce iyakar Turai, har da jajaye da rawayen tubalan Lego na shekarun 1970. Irin waɗannan kaya ne iyaye ke miƙa wa 'ya'yansu da kyakkyawar niyya, don su ma da su suka yi wasa.

Sauran sinadarai

Baƙar roba mai araha takan fito ne daga narkakkun kwankwason tsofaffin talabijin da kwamfutoci, tare da sinadaran hana kama wuta masu buromin da ke cikinsu. An haramta wasu daga cikinsu a 2009 da 2017 a ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, amma binciken ƙungiyoyin kare muhalli na IPEN da Arnika na 2017 ya same su a kayan wasa daga ƙasashe 26. Suna taruwa a kitsen jiki, ana kuma danganta su da matsalar maƙoƙo da ta girman ƙwaƙwalwa.

A 2018 hukumar kare muhalli ta Denmark ta gwada kayan wasan soso masu lotsawa guda 12, duka ta same su suna fitar da iska mai cutarwa, har da wadda ke taɓa hanta, aka janye su. BPA kuma, wani sinadari da ake haɗa roba mai tauri da shi, a roba mai garai-garai ake samunsa.

Masu haɗa mutum-mutumin resin da hannunsu nasu haɗarin daban ne: ƙurar goge resin, tururin fenti da gam, da ɗanyen ruwan resin na injin buga siffa, wanda ke sa fata ƙaiƙayi da kumburin da kan dawo duk lokacin da aka sake taɓa shi.

Hanyoyin shiga jiki

Baki ne babbar ƙofa. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku yana tsotsa, yana tauna, yana kai hannu baki. Sai ƙurar ɗaki, wadda fitalet da sinadaran hana wuta ke sauka a kanta, sai shaƙar iska lokacin da aka buɗe sabon kwali, sai fata, wadda ita ce mafi ƙaranci. Babban mutum da ya jera kayansa cikin kabad ɗin gilashi abin da ke shigarsa kaɗan ne.

Giɓin doka

Dokar kayan wasa ta Turai ta 2009 ta shafi abin da aka yi don yara 'yan ƙasa da shekara 14, ta kuma cire kayan masu tarawa muddin an rubuta a jikinsu ko a kwalinsu cewa na masu shekara 14 zuwa sama ne. A Amurka kayan yara su ne na 'yan shekara 12 zuwa ƙasa. Ke nan lambar shekarun da ke jikin kwali tana iya nufin ba a yi wa abin gwajin da ake yi wa kayan yara ba, alhali siffarsa da launinsa yaro suke ja, kuma a ɗaki ɗaya suke kwana. Wannan shi ne rauni mafi girma a tsarin. A watan Afrilun 2025 hukumomin Tarayyar Turai suka cimma matsaya kan sabuwar doka da za ta hana ƙarin sinadarai a kayan wasa, ta kuma wajabta wa kowane abin wasa takardar shaida ta intanet.

Jabun kaya ba su bin kowace doka. Duk abin da ya yi farin jini sai an kwaikwaye shi, kamar yadda ya faru da ɗan tsanan Labubu na kamfanin Pop Mart, har hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta yi gargaɗi kan jabunsa a watan Agustan 2025 saboda yana ɓallewa ya shaƙe yaro. Tsarin sanarwar kayan haɗari na Turai kuwa kusan kowace shekara kayan wasa na cikin sahun gaba a jerinsa, kuma fitalet mai yawa a 'yan tsanar roba na daga cikin dalilan da suka fi maimaituwa.

Saɓani

Masana'antu na cewa abinci ne babbar hanyar da fitalet ke shiga jiki, kayan wasa kaɗan suke ƙarawa. Wasu masu bincike na cewa ana auna kowane sinadari shi kaɗai alhali tare suke aiki. Batun girman illar DINP, ɗaya daga cikin dangin fitalet, har yanzu ba a daidaita a kansa ba.

Kulawa

Shawarar da masana suka fi bayarwa ita ce a raba tsofaffin kayan tarawa da ƙananan yara, musamman waɗanda aka ƙera kafin dokokin 2005 zuwa 2011, da duk abin da fentinsa ke ɓarewa ko jikinsa ya yi danƙo. A ajiye su a wuri mai sanyi nesa da rana, a wanke hannu bayan taɓawa, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, sabon abu mai wari kuma a bar shi ya sha iska. Ba a ƙona PVC, domin hayaƙinta na ɗauke da iska mai cin huhu da gubar dayoksin. Kayan gwajin dalma na gida ba abin dogaro ba ne, kamar yadda hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta bayyana a 2007. Na'urar XRF, mai aiki da hasken X-ray, tana gano dalma da kadmiyam ba tare da an fasa abin ba, amma fitalet sai an yanki robar an kai ɗakin gwaji.