Kafiretar jirgin da aka haɗa a gida: iska ake fara gyarawa ko mai?

A Amurka dubban mutane ne ke haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsu a garejin gida. Ƙungiyarsu, EAA, Paul Poberezny ne ya kafa ta a 1953, kuma duk shekara suna taruwa a Oshkosh da ke jihar Wisconsin. Mu ma abin bai yi mana nisa ba: Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin horar da matuƙan sojan sama, daga RV-6A aka samo shi, jirgin da kamfanin Van's ya riƙa sayar wa masu haɗi a gida. Cikin abubuwan da ke ba waɗannan mutane wuya har da saita kafireta, wadda ake cewa a fara gyara mata iska kafin mai.

Ba irin ta babur ko janareto ba ce?

Asalin aikin ɗaya ne. Iska ta bi ta maƙogwaro mai ƙunci, gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai ta zuƙo mai ta ɗan ramin da makanikai ke kira jet. Fetur yana cinyewa tas idan ya samu iska ninkin nauyinsa kusan 15, amma inji ya fi ba da ƙarfi a wajen ninki 12 da rabi.

Inda suka rabu shi ne jirgi yana hawa sama. A tsayin mita 3,000 nauyin iska bai wuce kashi uku cikin huɗu na wanda ke bakin teku ba, alhali man da kafireta ke zuƙa bai ragu daidai da haka ba. Sai mai ya yi yawa, inji ya yi sanyin jiki. Shi ya sa kafiretar Marvel-Schebler da ke kan injunan Lycoming da Continental take da maɓalli mai launin ja a gaban matuƙi, wanda yake rage mai da shi. Ta Bing da ke kan injunan Rotax 912 da Jabiru ba ta da shi. Wata roba ce a cikinta ke ɗaga allura gwargwadon iskar da ke shiga, tana ɗan rage giɓin da kanta.

To me ya sa ake cewa a fara da iska?

Domin inji da kafireta daga masana'anta suka fito, an gwada su. Abin da ba a gwada ba shi ne hanyar da iska za ta bi kafin ta isa kafireta: akwatin, matatar iska da tiyon, duk mai jirgin ne ya ƙera su, sau da yawa a ɗan lungun da ya rage a ƙarƙashin murfin inji.

Ka ɗauka ya lanƙwasa tiyon daf da bakin kafireta. Iska za ta taru a gefe guda, ko ta shiga tana juyawa kamar guguwa. Man da ke fitowa daga jet bai gama zama tururi ba, ɗige-ɗige ne, sai ya bi gefen da iska ta fi ƙarfi. Kafireta ɗaya ce ke ciyar da silinda huɗu ko shida, sai wata ta ƙoshi har fulogi ya yi baƙi, wata kuma ta zauna da yunwa tana ta zafi. Masu injin Jabiru sun san wannan sarai. Maganinsu shi ne a bar miƙaƙƙen bututu mai santsin ciki kafin kafireta, wani lokaci a sa siraran faranti a gicciye a cikinsa su miƙar da iskar.

A nan ake yawan kuskure. Mutum ya ga silinda ɗaya na zafi, sai ya sa babban jet. Zafin ya sauka, ya ce an gama. Bai gyara komai ba, ya dai jiƙa sauran silindodin ne domin ya ƙosar da guda. A duba hanyar iska tukuna, a tabbatar babu inda bututun da ke tsakanin kafireta da silinda ke shan iska ta gefe, kafin a taɓa jet.

Launin fulogi bai isa shaida ba?

A babur ya kan taimaka. A jirgi kuwa, shuɗin man jirgi da ake kira 100LL yana da dalma, ita kuma tana barin nata launin. Abin dogaro shi ne ma'aunin zafi a bututun hayaƙin kowace silinda da kuma kan kowace silinda, ba ɗaya kawai ba.

Idan ana rage mai sannu a hankali, zafin hayaƙi yana hawa har ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka. Ƙarfi mafi yawa yana wajen digiri 55 na salshiyas ƙasa da ƙololuwar, ta ɓangaren yawan mai. Silindar da ta riga sauran kaiwa ƙololuwa ita ce mai yunwa. Kan silinda kuma, Lycoming ya sa iyakarsa a digiri 260, amma mai son injinsa ya daɗe yana riƙe shi a ƙasa da 205 a tafiya.

Wanne ya fi haɗari, yawan mai ko ƙarancinsa?

Ƙarancinsa, idan totur na buɗe gaba ɗaya. Rarar man da ake bari lokacin tashi ba ɓarna ba ce, ita ke hana cakuɗin fashewa lokaci guda maimakon ya ci a hankali. Irin wannan fashewa tana iya lalata fistan cikin mintuna, kuma da ƙarar farfela matuƙi ba zai ji ta ba. Shi ya sa ƙa'idar Lycoming ita ce a rage mai idan ƙarfin ya sauko kashi 75 cikin ɗari ko ƙasa.

Sai fa a fili mai tudu. Filin jirgin Jos yana wajen mita 1,300 sama da teku, in aka haɗa da zafin rana iskarsa tana komawa kamar ta mita 2,000. A irin nan ana taka birki, a buɗe totur, a rage mai har inji ya yi sumul kafin a tashi.

Yaya ake saita silo?

Sai inji ya yi ɗumi. A bar shi a silo, ido a kan agogon juyi, a riƙa jan maɓallin mai a hankali kamar za a kashe shi. Allurar ta ɗan ɗaga kafin ta faɗi. In ta ɗaga fiye da juyi 50 a minti, mai ya yi yawa. In ta faɗi ba tare da ta ɗaga ba, ya yi kaɗan. A kashe inji, a ɗan juya sukurun silo, a sake gwadawa. Kada a sa hannu kusa da farfela mai juyawa.

Rotax 912 kafireta biyu gare shi, kowace da silinda biyu. Ana daidaita wayoyin totur ɗinsu da farko, sannan a jona ma'aunin zuƙa a kowane ɓangare har su zo ɗaya. In suka saɓa, inji ya yi ta kaɗawa yana cin giyarsa.

Da gaske ƙanƙara tana kama kafireta a ranar zafi?

Da gaske. Raguwar matsi da kuma mai da ke zama tururi suna iya sauke zafin maƙogwaron da fiye da digiri 20. In akwai laima a iska, kamar da damina, ƙanƙara ta taru ta toshe hanya. Don haka akwatin iska yana buƙatar ƙofa ta biyu mai jawo iska mai ɗumi daga jikin salansa. Idan aka buɗe ta a gwajin ƙasa, dole a ga juyi ya ɗan sauka, in bai sauka ba ɗumin ba ya isa.

Me ya rage kafin tashin farko?

A tabbatar mai na isa kafireta. Ana ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, a bar mai kaɗan a tanki, a cire tiyo daga bakin kafireta a sa a bokitin awo, a riƙe agogo. In mai da kansa yake gangarowa, ana son ya kai ninki ɗaya da rabi na abin da inji ke sha lokacin tashi. In famfo ke turo shi, ɗaya da kwata. Injin da ke shan lita 40 a awa, in mai da kansa yake gangarowa, bokitin ya tara lita ɗaya a minti guda. In bai tara ba, a bi tiyo, matatar mai da ƙofar shan iskar tanki ɗaya bayan ɗaya, jirgin kuma ya zauna a ƙasa har sai ya tara.