Tambayoyin da baƙi ke yawan yi mini game da lambun Central Park

Duk baƙon da ya sauka wurinmu a New York, daga Kano ya fito ko Yamai ko Kumasi, sai ya nemi a kai shi Central Park, kuma kafin mu dawo gida tambayoyi iri ɗaya ne ke fitowa daga bakinsa. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Me ya sa ake killace ciyawa, alhali wurin na jama'a ne?

Domin idan aka tattake ta tana jiƙe, mutuwa take yi. Idan ka ga jar tuta a bakin fili, an rufe shi ke nan, kada ka tsallaka shinge don ka ga babu ma'aikaci a kusa.

Zan iya tsinkar ganye ko sassaƙar ɓawon itace don magani?

A'a, doka ta hana. Wani dattijo da na taɓa rakawa ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu a gindin wata bishiya, sai da na riƙe masa hannu.

Ciyawa ce kawai da itatuwa, me ya sa mutanen garin suke ji da shi kamar gadon uba?

Mai wannan tambaya a gida mai tsakar gida ya tashi, da inuwar darbejiya a ƙofar zaure, shi ya sa abin yake ba shi mamaki. Mafi yawan mazauna Manhattan, yankin birnin da lambun yake ciki, a benaye suke zaune, ɗaki a kan ɗaki, ba su da ko taku ɗaya na ƙasa da za su kira nasu. A lambun nan yaro ya koyi tafiya, a nan aka yi zance kafin aure, a nan tsohuwa take shan hantsi. Tun 1986 ake biyan kuɗi masu yawa don a manna ɗan allon ƙarfe a jikin benci da sunan wani mamaci, kuma dubban bencina suna ɗauke da irin wannan rubutu.

Sun kuma sha yin faɗa a kansa. A 1956 kwamishinan lambuna Robert Moses, wanda ba a saba ja da shi ba, ya so ya share wani yanki don wurin ajiye motoci na gidan abincin Tavern on the Green. Iyaye mata suka tura kekunan jariransu suka tsaya gaban katafila. Ya aiko ma'aikata cikin dare suka sare itatuwa, gari ya waye da fushi, magana ta kai kotu, daga ƙarshe ya janye aka yi wa yara filin wasa a wurin. A 1987 kuma ɗaruruwan mutane suka jeru cikin lambun suka buɗe baƙaƙen laima, don su nuna tsawon inuwar da wani dogon bene da ake shirin ginawa a Columbus Circle zai jefa a kan ciyawa. Jacqueline Kennedy Onassis, matar marigayi shugaban Amurka John F. Kennedy, tana cikin jagororin adawar, kuma sai da aka rage tsayin ginin. Mutanen da suka yi rigima a kan inuwa ba za su ƙyale ka ka karya reshe ba.

Daji ne da aka bari a tsakiyar gari?

Hannu ne ya yi shi. Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka zana shi a 1858, aka haƙa tafkuna, aka fasa duwatsu, aka dasa itatuwa a fili mai hekta 341, daga titi na 59 zuwa na 110.

Muna so mu yi taron Sallah ko walimar suna a ciki, zai yiwu?

Zai yiwu, amma ya danganta da yawanku da abin da kuke nufi da taro. Idan iyali ne guda ko biyu, kun shimfiɗa tabarma kun buɗe kulolin shinkafa da masa a filin da ba a rufe ba, babu wanda zai ce muku uffan, kuma idan lokacin salla ya yi ku fuskanci alƙibla ku yi abinku. Da zarar kun haura mutum 20 sai kun nemi izini daga hukumar lambuna ta birni, a biya dala 25, a kuma miƙa takarda aƙalla makonni uku kafin ranar. A nan matsalar suna take, tunda kwana bakwai ne tsakanin haihuwa da suna, sai dai a raɗa suna a gida a jinkirta walimar. Kada kuma ku yaudari kanku a lissafi, domin na san taronmu: a gayyaci goma sha biyar, arba'in su zo, kowa da yaransa.

Samun izini bai ba ku damar kafa rumfa da turke a ƙasa ba, bai kuma ba ku damar kunna lasifika ba, wannan takarda ce dabam daga ofishin 'yan sanda na unguwa, kuma akwai filaye irin su Sheep Meadow da aka ware don shiru. Gashi shi ne babban cikas. Kada ku zo da gawayi ko tukunyar gas da niyyar yin tsire. Shawarata, idan naman Sallah ne a ranku, ku nufi lambun Van Cortlandt ko na Pelham Bay a yankin Bronx, inda aka ware wuraren gashi, kuma sun fi kusa da gidajen yawancinmu. Ko a can ma ku duba ƙa'ida a shafin hukumar kafin ku fita, domin sukan dakatar da kunna wuta idan aka yi fari. Kada hankalinku ya tashi idan ma'aikaci ya zo ya yi magana, galibi gargaɗi yake fara yi, sai mai taurin kai ake rubuta wa tara.

To yanka rago fa?

Kada ma ka fara. Tumakin da suka yi kiwo a Sheep Meadow an kwashe su tun 1934.

Tsananin nan bai yi yawa ba?

Wanda ya ga lambun a shekarun 1970 ba zai ce haka ba. Birni ya talauce, babban filin Great Lawn ya zama ƙura, bencina suka kakkarye, mutane suka riƙa tsoron shiga. A 1980 Elizabeth Barlow Rogers da abokan aikinta suka kafa ƙungiyar Central Park Conservancy, wadda har yau ita ke tara mafi yawan kuɗin kula da wurin daga gudummawa. An hana shan taba a 2011, an fitar da motoci daga titunan cikinsa a 2018. Ni ma ina da ƙorafina, domin a 2004 an hana masu adawa da yaƙi taro a Great Lawn da hujjar kare ciyawa, sannan a 2023 aka bar wani babban bikin kiɗa ya dagargaza filin cikin ruwan sama har aka rufe shi watanni.

An zalunci wani kafin a yi shi?

An zalunta. A 1857 aka tashi mutane kusan 1,600 daga filin, ciki har da mazauna Seneca Village, unguwar da yawancinsu baƙaƙen fata ne masu gidajen kansu da coci-coci da makaranta. Akwai allunan tarihinsu a gefen yamma, tsakanin titi na 82 da na 89, ka tsaya ka karanta.

Ƙarfe nawa ake rufewa?

Ɗaya na dare, a buɗe shida na safe.