Waiwaye: tun yaushe mulhidai suke cikin sabon maguzancin Turawa?

Shekaru ke nan gardama ba ta kwanta ba tsakanin mabiya sabon maguzanci a Amurka da Ingila. Suna kawai muka ara musu, ba ruwansu da Maguzawan ƙasar Hausa. Ɓangare guda ya ce alloli irin su Odin, babban abin bautar tsoffin mutanen arewacin Turai, suna nan da gaske, ana roƙonsu suna ji. Ɗaya ɓangaren, wato mulhidai, bai yarda da wani abin bauta ba, amma ranar da dare ya fi tsawo a shekara za ka gan su sun hura wuta a fili suna biki. Na farkon na yi wa na biyun kallon baƙi, wai jiya-jiya suka shigo da siyasar kare muhalli a aljihu, za su mai da addini taron gangami.

Farkon labarin sananne ne. Ingila ta soke dokar hana maita a 1951, Gerald Gardner ya fito da addinin Wicca, na masu kiran kansu mayu, fili a 1954, sannan a 1981 aka ga Starhawk, marubuciya Ba'amurkiya mai bin sabon maguzanci, da mutanenta cikin masu zanga-zanga a ƙofar tashar nukiliya ta Diablo Canyon a Kalifoniya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1963. A Kwalejin Carleton da ke jihar Minnesota, ƙa'ida ce ɗalibi ya riƙa halartar ibada, amma an bar masa zaɓin addinin da zai je. Sai wasu ɗalibai suka ce tunda haka ne, su ma ga nasu. Suka kira kansu sababbin Duruyid, sunan bokayen tsohuwar Biritaniya, suka riƙa taruwa a kan tudu cikin itatuwan makaranta. Ana zagayawa da ƙoƙo ɗaya. Daga watan Mayu zuwa ƙarshen Oktoba wuski ne gauraye da ruwa, su ce masa ruwan rai, da sanyi kuwa ruwa zalla. Aƙidar ba ta wuce wannan ba: ana iya neman gaskiya ta hanyar Uwa Ƙasa, wato halitta. Ba a tambayar mutum ko ya yarda da wani ubangiji, ba a kuma ce ya bar addinin gidansu. A 1964 makaranta ta janye ƙa'idar. Maimakon a watse, sai taro ya ci gaba, har ɗaliban da suka gama suka kai shi wasu garuruwa. Wasa ya zama gaske.

A ganina jijiyar rigimar yau a nan take. Tun ran gini, ƙofar a buɗe aka bar ta ga mai shakka, kuma abin da ya haɗa su tun farko neman 'yancin ibada ne, wato siyasa. Daga cikin wannan gida Isaac Bonewits ya fito, ya nemi a fayyace aƙida a 1974, aka yi ta musu, ƙarshe ya kafa wata ƙungiyar Duruyid mai suna ADF, ta masu alloli da yawa, a 1983.

Intanet ce dai ta ba mulhidan suna da murya. John Halstead ya tattara rubuce-rubucensu a littafi a 2016, Mark Green ya fitar da nasa a 2019. Kafin su, a 2015, shugaban ƙungiyar Asatru ta Aisilan, mai raya tsohon addinin su Odin, wadda gwamnati ta amince da ita tun 1973, ya shaida wa 'yan jarida cewa bai zaci akwai mai gaskata wani mai ido ɗaya da ke yawo kan doki mai ƙafa takwas ba. Odin yake nufi.