Giyar gida a Amurka: galan 100, haramcin sayarwa, da batun kunun da ya kwana

Maganar ta sake tasowa a zaurukan WhatsApp na 'yan'uwanmu mazauna Amurka, har ta iso gida. Wani ya tura bidiyon wani Bature yana dafa giya cikin garejin gidansa, ga tukunyar ƙarfe ga jarkoki, hankalinsa kwance kamar mai dama koko. Nan take jama'a suka rabu biyu. Wasu suka ce ai a Amurka barasa ba ta da doka, wanda ya ga dama ya dafa ya sayar. Wasu kuma, musamman matan da ke haɗa kunun zaki da lemon citta don suna da biki, sai tsoro ya kama su, domin an gaya musu duk abin da ya yi tsami a gida ana iya kama mutum a kansa. Kowane ɓangare ya tsinci rabin zance ne ya gudu da shi.

Hukuncin giya a addini sananne ne, ba shi ya kawo ni ba. Dokar ƙasar nake son warwarewa, domin mazaunin gari ko bai taɓa kurɓa ba, dokar garin tana iya biyowa ta ƙofarsa.

Daga 1920 zuwa 1933 an haramta yi da sayar da barasa a faɗin Amurka. Da aka ɗage haramcin, magidanta suka ci gaba da samun damar yin giyar inabi a gida, amma ta hatsi ba a ambace ta ba. Haka aka zauna shekara 45, sai ranar 14 ga Oktoba, 1978, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan ƙudurin H.R. 1337, wanda Sanata Alan Cranston na Kalifoniya ya cusa batun giyar gida a cikinsa. Ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairu, 1979. Carter ɗin nan dai shi ne manomin gyaɗar nan na Jojiya, wanda ya zo Legas a 1978 zamanin Obasanjo, wanda daga baya mutanen karkararmu suka san sunansa ta hanyar yaƙi da ciwon kurkunu.

Abin lura na farko shi ne inda aka ajiye dokar. Tana cikin kundin haraji na tarayya, sashe na 5053(e), kuma hukumar da ke kula da ita, TTB, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi. Wanda ya riƙe wannan zai gane duk sauran. Sashen ya ce baligi na iya dafa giya ba tare da biyan haraji ba, don amfanin kansa ko na iyalinsa, ba don sayarwa ba. Idan baligi ɗaya ne a gidan, galan 100 a shekara. Idan biyu ne ko fiye, galan 200. Baligi a nan, a aikace, ɗan shekara 21 ne, domin dokar ta ce a bi shekarun sayen giya na yankin in sun haura 18, kuma duk jihohin sun tsaya a kan 21.

A nan wasu ke tuntuɓe. Suna lissafa galan 100 a kan kowane mutum, su ce gida mai manya biyar yana da 500. Babu wannan. Gidan ake ƙirgawa, kuma 200 ce ƙarshe ko da gandu ne guda. Galan na Amurka ya kusa lita 3.8, ke nan galan 100 ya kai wajen lita 378, jarka 19 irin ta lita 20. Ɗan koyo yakan fara da galan biyar: ya dafa ruwan tsiron sha'ir, ya zuba wani fure mai ɗaci, ya bari ya huce, ya sa yis, ya rufe kamar mako biyu, sannan ya ɗura a kwalabe. Sai ya yi wannan sau ashirin a shekara kafin ya taɓo iyaka. Don haka yawan ba shi ne ke jefa mutane cikin rigima ba.

Abin da ke jefa su shi ne kalmomin nan huɗu: ba don sayarwa ba. Dokar ta yarda mutum ya fitar da giyarsa zuwa gasa, ko baje koli, ko taron ɗanɗano na ƙungiyoyin masu wannan sha'awa. Amma da zarar kuɗi ya shiga, rangwamen harajin ya faɗi, mutum ya zama mai masana'antar giya marar lasisi. Sashe na 5674 ya tanadi tarar da ta kai dala 1,000, ko ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko duka biyun, ban da abin da jiha za ta ɗora nata. Dabarar da wasu ke yi ta cewa abin sha kyauta ne, kofin ne na kuɗi, ko a kira kuɗin gudummawa, wannan wasa da hankali ne, kuma ban ga alƙalin da zai saya ba. Aikawa ta gidan waya na gwamnati ma haramun ne, ko kyauta ce.

Sannan tarayya ba ita kaɗai ke da baki ba. Gyaran tsarin mulki na 21, wanda ya kawo ƙarshen haramcin a 1933, ya bar wa jihohi ikon tsara harkar barasa a cikin iyakokinsu. Mu da muka san bambancin Kano da Legas a kan wannan batu ba ma buƙatar dogon bayani. Jihar Yuta ba ta amince da giyar gida ba sai 2009, Oklahoma 2010, Alabama da Misisifi kuwa su ne na ƙarshe, a 2013. Alabama ta rage adadin zuwa galan 15 a kowane wata uku, kuma ba ta yarda da shi ba a gundumomin da suka haramta barasa gaba ɗaya. Abin da Baturen bidiyo ya yi a garejinsa lafiya lau, a wata gundumar laifi ne.

Yanzu ga babbar gadar zaren. Akwai bambanci tsakanin dafa giya da tatso barasa mai ƙarfi ta hanyar tururi, kwatankwacin bambancin burukutu da ogogoro. Na farko hatsi ne da yis aka bari suka yi aikinsu. Na biyu kuwa ana ɗora wannan ruwan a wuta, a kama tururin ta cikin bututu, a sanyaya shi ya koma ruwa mai ƙarfin gaske. Dokar 1978 ba ta taɓa na biyun ba ko kaɗan. Babu galan 100, babu kofi ɗaya. Sashe na 5601 ya sa shi cikin manyan laifuka: ɗaurin da ya kai shekara biyar, ko tarar da ta kai dala 10,000, ko duka biyun, a kan kowane laifi. Kafa tukunyar tatsar ba tare da rajista ba laifi ne mai zaman kansa, tatsa a cikin gidan kwana ko harabarsa wani laifin ne daban, kuma gwamnati na iya ƙwace kayan aikin. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ana sayar da irin waɗannan tukwane a fili a intanet, domin ana tace ruwa da man turare da su. Ga baƙo mai takardar zama, babban laifi irin wannan ba ya tsayawa a kotu kaɗai, yana iya bin sa har ofishin shige da fice.

Me ya sa wannan tsanani? Amsar da aka saba bayarwa ita ce lafiya: gobara, da gubar da ke makantarwa ko kashewa. Haɗarin gaskiya ne, mun ga yadda gurɓatacciyar ogogoro ta hallaka mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Sai dai a duba lissafin kuɗi. Cikakken harajin tarayya a kan giya dala 18 ne kowace ganga mai galan 31, wato bai kai santi 60 a galan ba. Na barasa mai ƙarfi kuwa dala 13.50 ne a kan galan ɗaya mai ƙarfin kashi 50 cikin ɗari. Rigimar ma tsohuwa ce: a 1791 aka sa wa wiski haraji, manoman yammacin Fensilbeniya suka yi bore, har George Washington ya tara dakaru kusan 13,000 a 1794 don murƙushe su. Turawan mulkin mallaka sun yi mana irin wannan, suka laƙaba wa ogogoro sunan haramtacciya alhali suna karɓar kuɗin fito a kan barasar da ake shigowa da ita daga Turai. Ni dai a ganina, dokar da ta bar gida ɗaya ya dafa sama da lita 750 a shekara, ta kuma ɗaure mutum a kan lita guda, aljihun gwamnati take tsaro fiye da hantar jama'a.

Akwai kuma labarin da ke yawo cewa kotu ta soke haramcin. A watan Yulin 2024 alƙalin tarayya Mark Pittman, a Tekzas, ya yanke cewa hana tatsa a gida, wanda ya samo asali tun 1868, ya wuce ikon da tsarin mulki ya ba majalisa. Amma kariyar da ya bayar ta tsaya ne a kan waɗanda suka kai ƙara, bai ɗauke wa kowa neman lasisi da biyan haraji ba, bai shafi dokokin jihohi ba, kuma gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Wanda ya karanta kanun labari kawai ya kunna wuta, shi ya jiyo.

To, Hajiya mai kunu fa? A dokar tarayya, abin sha da aka yi da tsiro, ko abin da ya maye gurbinsa kamar shinkafa, kowane irin hatsi ko sukari, yana zama giya ne idan barasar cikinsa ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Tsami shi kaɗai ba hujja ba ne, domin tsamin kunu, kamar na nono, yawanci aikin wasu ƙwayoyin halitta ne daban da yis. Kunun da kika dama wa iyalinki babu wanda zai zo ya auna shi, ko da ya kwana ya juya, rangwamen amfanin iyali ya rufe shi. Wurin hattara shi ne na sayarwa. TTB tana ɗaukar abin sha a matsayin barasa ko da bayan ya bar hannunki ne ya haura wannan ma'auni a cikin kwalba. Haka ta faru da kombuca, wani shayi mai tsami, a 2010, lokacin da manyan kantuna suka kwashe shi daga kantocinsu saboda ya ci gaba da tashi a kwalba. Ma'auni ɗaya aka sa wa babban kamfani mai ɗakin gwaji da mace mai roba talatin, wannan kam akwai rashin tausayi a ciki.

Sukari da zafi da daɗewa su ke ba yis dama. Ki sa a firji tun daga saukewa, ki yi daidai wanda zai ƙare a ranar, kuma duk robar da kika ga ta kumbura ko ta fesar da iska da aka buɗe, kada ta je hannun mai saye. Izinin sayar da abincin da aka dafa a gida kuwa wata doka ce daban, kowace jiha da tata, ofishin lafiya na gundumarku ake tambaya.