Waiwaye: Ɗigon Jinin Da Ya Daɗe Yana Ruɗar Likitocin Binciken Gawa

A watan Afrilun 2021, lokacin shari'ar tsohon ɗan sandan nan Derek Chauvin a birnin Minneapolis na Amurka, kan tuhumar kashe wani baƙar fata mai suna George Floyd ta hanyar danne shi da gwiwa, lauyoyinsa sun riƙe wani abu guda a rahoton binciken gawar George Floyd suka ƙi saki. Rahoton ya ce babu rauni a tsokar gaban wuyansa da maƙogwaronsa, kuma babu ɗige-ɗigen jini a cikin idanunsa ko a fuskarsa. To in haka ne, in ji su, ina shaidar cewa toshewar numfashi ce ta kashe shi? Mai kallon shari'ar a talabijin zai ɗauka sabuwar tambaya ce, alhali likitoci sun haura shekara 150 suna sa-in-sa a kanta.

Tsohon rubutun da aka fi ambata a wannan fanni na wani alƙalin ƙasar Sin ne, Song Ci, wanda ya rubuta littafin jagora ga masu duba gawa a 1247. Abin da ya dame shi shi ne maƙarƙashiya: a shaƙe mutum, sannan a rataye gawar don a ce shi ya kashe kansa. Sai ya koya wa jami'ansa su karanta shatin igiya a wuya, ko ya haura ta bayan kunnuwa, ko ya kewaye wuyan a kwance. Ya kuma ce a duba gungumen da aka ɗaura igiyar, a ga ko ƙurar da ke kansa ta motsa. Mutumin bai san akwai wata aba wai ita iskar oksijin ba, sai a shekarun 1770 Priestley da Lavoisier suka gano ta, amma ya san gawa ba ta isa shaida ita kaɗai, sai an haɗa da wurin da aka tsince ta. Turawa ma kalmar da suke kiran mutuwar toshewar numfashi da ita, wato asphyxia, daga Girkanci suka aro ta, kuma asalin ma'anarta tsayawar bugun jini, ba ta da alaƙa da numfashi.

A 1828 wasu mutum biyu a Edinbara, William Burke da William Hare, suka nuna wa duniya girman matsalar. Sun kashe mutum 16 cikin kusan wata goma, suna sayar da gawarwakin ga malamin fiɗa Robert Knox. Sai sun bugar da mutum da giya, sannan su danne shi su hana shi numfashi, gawa ta fito kusan ba tabo. Da aka kai wa likita Robert Christison gawar ta ƙarshe, Margaret Docherty, har gwaji ya yi a kan wasu gawarwaki don ya ga ko duka bayan mutuwa na barin shati. Duk da haka bai iya rantsewa cewa kisa ne ba, zato mai ƙarfi kawai ya bayar. Dole hukuma ta yi wa Hare afuwa don ya ba da shaida a kan abokinsa. An rataye Burke a watan Janairun 1829, Hare ya sulale.

Kotu na neman alamar da za ta kama, sai ga Ambroise Tardieu na Faris ya kawo ta a 1855. Ya bayyana wasu ƙananan ɗige-ɗigen jini, kamar kan allura, a fatar da ta lulluɓe huhu da zuciya, ya ce duk inda aka gan su an toshe wa mamaci hanci da baki ne. Har yau da sunansa ake kiran su. Tardieu babban malami ne, maganarsa kuwa a kotu yankan wuƙa ce, kuma da yawa daga gawarwakin da ake kawo masa na jarirai sabbin haihuwa ne da ake tuhumar iyayensu mata. Mai karatu ya auna abin da wannan tabbaci ya jawo wa matalautan 'yan matan da ba su da lauya. Tun yana raye Carl Liman na Balin ya musanta shi, ya ce ana ganin ɗigon a mace-mace iri-iri. Amma alamar ta riga ta shiga littattafan ɗalibai, ta samu 'yan rakiya: shuɗancewar leɓe da farce, cunkoson jini a gaɓoɓi, jinin da bai daskare ba, da kumburin ɓangaren dama na zuciya.

Rushewar wannan gini ta ɗauki ƙarni guda. A 1955 Gordon da Mansfield a Afirka ta Kudu suka nuna cewa ɗigon na bayyana a gawar wanda ciwo ya kashe, har ma yana iya fitowa bayan rai ya fita. A 1974 Lester Adelson na Amurka ya kira jerin alamomin nan tsohon yayi. A 2000 Susan Ely da Charles Hirsch na ofishin binciken gawa na New York suka tattara hujjojin, suka ce ba ƙarancin oksijin ke haifar da ɗigon fuska da ido ba. Matsi ne: idan aka danne jijiyoyin da ke mayar da jini daga kai zuwa zuciya, alhali zuciya na ci gaba da tura shi sama, ƙananan jijiyoyi su fashe. Shi ya sa ake ganin sa a wanda aka maƙure, a kuma gan shi a mai tari mai tsanani ko wanda aka daddanna wa ƙirji wajen ceto, amma sau da yawa ba a ganin komai a wanda ya mutu a rijiya ko rumbun da iskarsa ta gurɓace. Wani abin da tsofaffin littattafan ba su damu da shi ba, da yake a kan farar fata aka rubuta su, shi ne a baƙar fata da wuya a ga shuɗi ko ɗigon da ido, sai an buɗe fatar ido da leɓe an duba ciki.

Inda rashin tabbacin ya fi ciwo shi ne mutuwar jarirai. Jaririn da aka danne wa fuska da matashi da wanda ya mutu farat ɗaya cikin barci, a teburin bincike sukan zama kamar an tsaga kara. Kuskuren kuwa ya faɗa ta kowane gefe. Waneta Hoyt ta jihar New York ta rasa 'ya'ya biyar tsakanin 1965 da 1971, aka ɗauka ciwon ɗaukewar numfashi ne na gado, har aka buga labarin biyu daga cikinsu a mujallar likitoci a 1972. Sai a 1995 kotu ta same ta da laifin kashe su. Kathleen Folbigg ta Ostireliya kuma an ɗaure ta a 2003 kan mutuwar 'ya'yanta huɗu, ba tare da wata shaidar shaƙewa a jikinsu ba. Ta yi shekara 20 a kurkuku kafin binciken ƙwayoyin gado ya nuna 'ya'yanta mata biyu na ɗauke da wani sauyi da ke iya tsayar da zuciya. An sake ta a 2023.

Turmutsitsi ma ya koyar da nasa darasin, kuma duk wanda ya tuna Mina a 2015 ya san abin da ake nufi: ba tattakewa ce ta fi kisa ba, matse ƙirji ne har ya kasa buɗewa, mutum na tsaye. Bayan turmutsitsin da ya faru a filin ƙwallo na Hillsborough a Ingila ranar 15 ga Afrilun 1989, mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa zuwa ƙarfe 3:15 na yamma duk wanda zai mutu ya riga ya wuce ceto, don haka ba a saurari abin da masu agaji suka yi ko suka kasa yi bayan nan ba. A 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya sake duba rahotannin, ya ce mutum 41 cikin 96 da suka mutu na da yiwuwar rayuwa bayan wannan lokaci.

Akwai nau'i guda na irin wannan mutuwa da ɗakin gwaji ke da amsa a kansa, kuma shi ya fi kusa da mu: hayaƙin janareto, ko gawayin da aka shiga da shi ɗaki lokacin hunturu. Tun a shekarun 1850 Claude Bernard ya nuna cewa wannan guba na kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, kuma ana iya auna ta a jinin mamaci. Matsalar ita ce a wurinmu akan yi jana'iza kafin kowa ya tuna da ɗibar jinin.

A shari'ar Floyd, shaidar da ta fi nauyi ba daga teburin fiɗa ta fito ba. Likitan huhu Martin Tobin bidiyon ya zauna ya nazarta, ya ƙirga numfashin Floyd, ya nuna wa masu taya alƙali yadda kwanciya rub da ciki, ankwa ta baya, da gwiwa a wuya da gadon baya na minti 9 da daƙiƙa 29 suka hana ƙirji buɗewa. Likitan da ya yi binciken gawar, Andrew Baker, bai ɓoye cewa Floyd na da ciwon zuciya da ƙwaya a jininsa ba, amma ya tsaya a kan cewa dannewar ce ta fi ƙarfin zuciyarsa, ya rubuta kisan kai. An yanke wa Chauvin shekara 22 da rabi.