Yaron da ake koyarwa a gida, a ina zai koyi zama da mutane?

Tambaya: Ni nake koyar da yarana a gida, ba sa zuwa makaranta, kowa sai ya ce min za su tashi ba su iya mu'amala ba. Gaskiya ne?

Amsa: Ba dole ba ne, amma fa kar ki yi watsi da maganar. A makaranta yaro tsintar abokai yake ba tare da wani ya shirya masa ba, a gida kuwa ke za ki nemo. Kuma ni a ganina ba yawan yaran ne abin dubawa ba, gara yara uku ko huɗu da yake haɗuwa da su duk sati, a yi wasa a yi faɗa a shirya, gobe ma a sake haɗuwa, da taron yara hamsin da zai gani sau ɗaya. A wurin shiryawar nan ake koyon haƙuri da ban haƙuri. Don haka in sun fara rigima kan abin wasa kar ki yi saurin shiga, in dai ba duka ake ba ki ɗan saurara ki ga yadda za su ƙare.

Tambaya: Ƙaramin shekararsa 2, ko an haɗa shi da yara shi kaɗai yake wasansa.

Amsa: Kar ki damu. Tun 1932 wata mai bincike kan wasan yara, Mildred Parten, ta bayyana hakan, yara masu wannan shekarun gefe da gefe suke wasa kowa da nasa, wasan haɗin kai sosai sai wajen shekara 4.

Tambaya: Babban kuma da lissafi ya yi masa wuya sai kuka da jifa da fensir, ya zan yi?

Amsa: Toh a lokacin nan darasi ya tsaya, yaron da ransa ya ɓaci ba ya jin bayani. Ki faɗa masa sunan abin da yake ji, "na ga ranka ya ɓaci saboda ka gwada sau uku bai fito ba". Wani bincike da Matthew Lieberman da abokan aikinsa suka yi a 2007 ya nuna ambaton sunan abin da mutum ke ji yana rage zafin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro. Sashen gaban ƙwaƙwalwa kuma, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa nake jin tausayin yaro ɗan 7 da ake so ya danne fushi kamar babba. Jifan dai ba a yarda ba, wannan ki faɗa masa bayan ya huce.

Tambaya: In ni ce na yi masa tsawa fa?

Amsa: Ki ba shi haƙuri, kai tsaye. Ke ce uwa ke ce malama, babu wata ƙararrawar tashi da za ta raba ku, don haka ki rufe littafin, ku huta minti 10 sannan ki ce "ɗazu na ɗaga maka murya, ban kyauta ba", ku dawo kan lissafin.