Waiwaye: matan da suka tuƙa jiragen yaƙin Amurka aka hana gawarsu tuta

Duk wanda ya taɓa ganin jana'izar sojan Amurka ko da a talabijin ne ya san yadda ake yi, a lulluɓe akwatin gawa da tuta, sojoji su ɗaga bindigogi su harba sama sau uku, mai begila ya yi busar nan mai kashe jiki da suke kira Taps wadda ta samo asali tun 1862 lokacin yaƙin basasarsu, daga nan a naɗe tutar ta koma kusurwa uku a miƙa wa uwa ko mata ko ɗan mamaci hannu da hannu. To akwai wasu mata da suka mutu a bakin aikin soja aka hana su wannan duka, kuma wallahi duk sanda na tuna labarinsu sai raina ya sosu.

Abin ya faro ne a yaƙin duniya na biyu, maza matuƙa jirgi duk an kwashe su zuwa fagen daga, ga masana'antu na ta ƙera jirage babu mai kai su sansani. Sai wasu gogaggun matuƙa biyu, Nancy Love da Jacqueline Cochran, kowacce ta tara mata, a watan Agustan 1943 aka haɗe su wuri guda da sunan WASP, wato ƙungiyar mata matuƙa jirgi masu yi wa rundunar sojin sama aiki. Mata wajen 25,000 suka nema, 1,074 ne suka kammala horo, yawancinsu a garin Sweetwater na jihar Texas. Kuma aikin ba na wasa ba ne fa, ban da kai sabbin jirage da gwada waɗanda aka gyara, har da ɗaura wani dogon ƙyalle a bayan jirgi mace ta ja shi a sama sojoji na ƙasa suna koyon harbi a kansa da harsashi na gaske. Ka duba wannan kasada.

Amma a takarda farar hula ne su, ba sojoji ba. Nan gizo ke saƙar. Mata 38 suka mutu, cikinsu har da Cornelia Fort a watan Maris na 1943, kuma da yake doka ba ta san su a matsayin soja ba rundunar ba ta biyan kuɗin kai gawa gida, ƙawayen mamaciyar ne za su yi karo-karo a sa akwatin a jirgin ƙasa, babu tuta babu begila. Ɗaya daga cikin na ƙarshe, Hazel Ying Lee, 'yar asalin Sin, ta rasu a Nuwamban 1944, kwana uku kacal sai ga labarin an kashe ɗan'uwanta Victor a Faransa, iyalin suka je binne su tare a Portland masu maƙabarta suka fara cewa wai ɓangaren na fararen fata ne, sai da aka kai ruwa rana kafin a yarda.

An kai ƙudurin mayar da su cikakkun sojoji majalisar wakilai a Yunin 1944 ya faɗi, a ranar 20 ga Disamba na shekarar aka rushe su, kowa ta kama gabanta, aka kulle takardunsu sama da shekara 30. Sai a shekarun 1970 da rundunar sojin sama ta fara shelar wai za ta horar da mata matuƙa a karon farko tsofaffin nan suka ce ina, mu fa? Sanata Barry Goldwater wanda shi ma jigilar jirage ya yi a yaƙin ya tsaya musu, a 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu suka zama 'yan mazan jiya. A 2010 kuma aka ba su lambar zinare ta majalisa, lokacin mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Ka ce magana ta ƙare ko? Ina. Tun 2002 aka yarda a riƙa ajiye tokarsu a babbar maƙabartar sojojin Amurka ta Arlington, don da yawa a can ƙona gawa suke yi, sai a 2015 sakataren rundunar sojin ƙasa John McHugh ya soke izinin, hujjar ita ce wuri na ƙarewa kuma dokar 1977 ba ta shafi Arlington ba tunda soja ke kula da ita. Ni dai ban ga wurin da 'yar tukunyar toka za ta cinye ba. A shekarar ɗaya daga cikin matan nan, Elaine Harmon, ta rasu tana da shekara 95, ta bar wasiyya a kai ta can, iyalanta suka ƙi binne ta ko'ina, tokar na ajiye cikin kabad a gida sama da shekara guda jikarta na ta zarya majalisa. Martha McSally, tsohuwar matuƙiyar jirgin yaƙi da ke majalisar wakilai a lokacin, ta ɗauki ƙudurin, Shugaba Obama ya sa hannu a Mayun 2016.

Ranar 7 ga Satumban 2016 aka kai Elaine Arlington, aka harba bindiga, aka busa begila, aka naɗe tuta aka miƙa wa iyalanta, shekara 71 da 'yan watanni bayan an sallame ta daga aiki.